Kayan Fitar 'Yan Mata a Rano da Kibiya: Abin da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Da zarar an gama kaka, an kai masara da gyaɗa da shinkafa kasuwa, kuɗi ya ɗan shigo hannu, sai bukukuwa su ɓarke a ƙasar Rano da Kibiya. Haka ma watan Sha'aban, lokacin da kowa ke son a kai amarya kafin azumi, da makonnin da ke biye da sallah. A irin wannan lokaci duk gidan da ke da budurwa 'yar shekara 13 zuwa 18 sai ya ji wannan magana: "Umma, ni fa ba ni da kayan da zan sa." Uwa ta buɗe akwati ta ce ga kaya nan jibge. Yarinya ta ce ba irinsu ake sawa ba. Babu mai ƙarya a cikinsu. Uwa yawan kaya take ƙirgawa, yarinya kuwa abin da ya dame ta shi ne ko za ta saje da sa'o'inta.

A waɗannan shekarun babu abin da budurwa ke tsoro kamar ta shiga taro ta fita zakka, a bi ta da kallo, washegari a makaranta a yi da ita. Wannan ba rashin tarbiyya ba ne. Lokaci ne da yaro ke fara auna kansa da idon tsararsa fiye da idon iyayensa, kuma kowa ya bi ta nan. Iyayen da suka gane haka sukan kashe kuɗi kaɗan su huta. Waɗanda suka ɗauke shi rawar kai sukan tura yarinya ta nemi mafita a inda ba za su so ba.

Wane irin taro ne?

Wannan ita ce tambayar farko, domin kowane taro da shigarsa. Walimar saukar Alƙur'ani ko walimar aure ta hijabi ce, ko abaya da babban mayafi, kuma sau da yawa Islamiyya ce ke tsayar da launi. Suna na atamfa ne, riga da zane ko riga da siket, da gyale. Kamu da sa lalle da yinin biki nan ne anko ke shigowa. Yawon sallah kuwa kowa ya san sabon ɗinki yake so.

Sai kuma taron da iyaye ba su saba da shi ba, wanda shi ne ya fi jawo gardama: ɗan ƙaramin fati na ƙawaye. Wata ta yi kandi, wato ta gama sakandare, wata tana murnar zagayowar ranar haihuwarta, ko ƙawayen amarya sun haɗu a gidan yayarta da yamma. Tsakar gida ce, da tabarma ko kujerun roba, da lemo da cincin, da 'yar lasifika, sai ɗaukar hoto da waya. A nan abin da aka fi sawa shi ne doguwar rigar yadi mara nauyi, ko abaya, ko ɗinkin atamfa mai sauƙi, da mayafin da launinsa ya hau da rigar, da takalmi mara tudu da 'yar jaka. Abin da iyaye kan manta shi ne wuce gona da iri ma yana kunyata yarinya. Wadda aka sa wa leshi mai nauyi da sarƙa da ɗaurin gwaggwaro ta je zaman tsakar gida, za a tambaye ta ko ita ce amaryar. Hanya mafi sauƙi ita ce uwa ta kira uwar mai taron ta ce, "Hajiya, yaran me suka shirya sawa ne?" Da wannan kira ɗaya an san shigar, an san gidan, an kuma san ko akwai babba a wurin.

Yadi da ɗinki

Ƙasar nan ba baƙuwar tufafi ba ce. A labarin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne ake kira sarakunan baba, wato masu noman shuni da rini, kuma Kura da ke maƙwabtaka ta yi suna da turkuɗin da Buzaye ke saye har cikin Sahara. Kakannin 'yan matan yau sun ɗaura zanen saƙi, sun kuma yi nasu yayin. Iyayensu mata sun yi ɗaurin Maryam Babangida da ture-ka-ga-tsiya; yayyensu sun yi ɗaurin Zahra Buhari bayan bikinta a ƙarshen 2016. Don haka duk wadda ta ce a zamaninsu ba a san yayi ba, a duba tsohon hotonta na sallah.

Abin da ya canza shi ne inda kayan ke fitowa da kuma farashinsu. Masaƙun Kano da Kaduna da suka riƙa buga atamfa yawancinsu sun durƙushe, kuma mafi yawan abin da ke Kantin Kwari yau daga Sin ake shigo da shi. Daga Kwari ne 'yan kasuwar Rano da Kibiya da mata masu sayar da kaya a cikin gida suke saro nasu. Tunda da dala ake sayo kayan, cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 da faɗuwar naira da ta biyo baya sun taɓa kowane turmi, daga Holan har zuwa mafi arha. Uban da ya ce kuɗin ya yi yawa ba rowa yake yi ba.

Amma ga abin da zai kwantar da hankali: a taron 'yan mata ba a cika duba sunan da ke bakin atamfa ba, wannan aikin manyan mata ne. Abin da ido ke fara gani shi ne ɗinki, da guga, da haɗin launi. Atamfa mai arha da tela ya yanka daidai jiki ta fi Super ɗin da aka ɗinka kamar buhu. Turmi yadi 6 ne. Yarinya siririya rabin turmi kan ishe ta doguwar riga idan telan ya iya yanka, sai a nemo ɗankwali ko mayafi na wani yadin da ya dace. 'Yan uwa biyu ko maƙwabta biyu na iya raba turmi ɗaya.

A kula da atamfar roba. Tana da sheƙi, ba ta da tsada, amma ba ta shan gumi, kuma a zafin watan Maris zuwa Mayu wahala ce a jiki. Mai son ya gane, ya zare zare ɗaya daga bakin yadin ya kusanta shi da ashana: auduga takan ci wuta ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta dunƙule. Jaka da takalmi kuma ba dole sai sababbi ba. Gwanjon Ƙofar Wambai ya rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma idan aka wanke aka goge babu mai tambaya.

Wurin tela ne ake yin nasara ko a faɗi. Yarinya takan je da hoton ɗinkin da ta gani a TikTok ko a jikin wata jarumar Kannywood, tela kuma abin da aka nuna masa yake yi. Idan iyaye ba su sa baki ba sai bayan an karɓo kaya, ga wuya a buɗe, ga siket ya kama jiki, to an makara: yadi ya riga ya yanku, sai faɗa da kuka. A zauna da ita tun kafin a kai ɗinkin, a kalli hoton tare. A bar mata zaɓin launi da fasalin hannu da adon gaba, iyaye su tsayar da tsawo da faɗi da girman wuya. Yarinyar da aka bar wa zaɓi a abu uku ba ta cika yin gardama a kan sauran ba. Idan telan namiji ne, a kai masa tsohuwar rigar da ta yi mata daidai ya auna da ita, ba sai ya gwada ta da hannunsa ba. Kuma a kai ɗinki da wuri. Alkawarin tela a makon sallah kowa ya san yadda yake ƙarewa.

Anko, da wanda zai biya

Anko yana da amfanin da ba a cika faɗa ba. Idan ƙawaye goma suka sa atamfa iri ɗaya, 'yar mai shago da 'yar mai noman ƙodago sun zama ɗaya a ranar. Matsalar tana zuwa ne idan aka zaɓi mai tsada, ko aka fitar da kala biyu ko uku a biki ɗaya, ko bukukuwa huɗu suka haɗu a wata guda. A nan ya kamata iyaye su yi magana ƙarara tun farkon kaka: ga adadin ankon da za mu iya a bana, ki zaɓi bikin da ya fi kusa da ke. Sauran bukukuwan ta sa kayanta masu launi kusa da na ankon, ta sayi mayafi irin nasu kawai. A hoto ba a cika bambancewa ba. Iyayen amarya ma da nasu alhakin: wanda ya fitar wa 'yan makaranta ankon leshi ya san wasu gidajen ya jefa cikin bashi.

Yawancin 'yan matan garuruwan yankin, irin su Rurum da Saji da Tarai da Durba, ba zaune suke ba. Akwai mai ɗinkin hula, akwai mai kitso da ƙunshi, akwai mai kiwon kaji ko akuya, akwai mai zubin adashe da ribar awara. Wadda ta tara rabin kuɗin kayanta da guminta, a cika mata sauran, a kuma yaba mata. Ta fi kula da kayan, ta fi sanin darajar kuɗi.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wannan batu shi ne sanin inda kayan suka fito. A azumin 2021 an yi ta ce-ce-ku-ce a shafukan sada zumunta na Arewa a kan yayin abaya, kuma abin da ya tayar da ƙurar shi ne zargin cewa wasu 'yan mata a hannun samari suke neman kuɗinta. An yi raha, an kuma yi wa 'yan mata kuɗin goro ba bisa adalci ba, amma tambayar da ke ƙasa ta gaske ce. Idan gida ya ce babu, ya kuma rufe maganar, yarinya ba ta daina so ba, wani wurin za ta duba. Kyautar saurayin da iyaye suka san da zamansa daban, rigar da ta shigo gida ba a san mai saye ba daban. Uwa ta tambaya cikin lalama, ba da tsawa ba, domin tsawa ɓoyo take koyarwa. Aro tsakanin 'yan uwa da ƙawaye kuwa ba abin kunya ba ne, in dai an nemi izini an kuma mayar a wanke. Hasali ma musayar mayafi da jaka ita ce maganin ƙorafin nan na zamanin waya, wai an riga an gan ta da kayan a hoto.

Fata, ƙunshi da hanya

Akwai abin da ba a sassautawa a kansa ko da duk ƙawaye suna yi: man bilicin. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan mayukan da ke ɗauke da sinadarai masu cutarwa, har da makuri, waɗanda ke sa fata ta yi siriri, ta yi tabo da nankarwa, wasu kuma su taɓa ƙoda. Haɗin da ake sayarwa a robar da babu suna babu lamba shi ne mafi haɗari. Jan lalle na gargajiya ba shi da matsala ga yawancin mutane. Baƙin ƙunshi kuwa akan haɗa shi da sinadarin rinin gashi, kuma yana sa wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje har da ɗurar ruwa. A gwada ɗan ɗigo a hannu kwana biyu kafin biki; wadda ta taɓa yin ƙuraje da shi kada ta sake.

Sai hanya. A cikin birnin Kano an hana acaɓa tun 2013, amma tsakanin ƙauyukan Rano da Kibiya babur ne abin hawa. Bakin abaya ko dogon mayafi na iya shiga cikin taya ko sarƙar babur ya fizgo mutum ƙasa. A koya wa yarinya ta tattare kayanta a cinya kafin a tashi. Takalmi mai tsini kuma ba na hanyar burji ba ne, balle da damina.

Game da taron kansa, a san cewa hukumar Hisbah, wadda aka kafa da doka a 2003, tana da ofisoshi a ƙananan hukumomi, kuma takan tsayar da taron da aka cakuɗa maza da mata ana kiɗa har dare. A 2025 gwamnatin jihar Kano ta sanar da hana bikin nan da ake kira Ƙauyawa Day. (Abin dariya, 'yan birni na biyan kuɗi su yi shigar ƙauye, 'yan matan ƙauye na neman shigar birni.) Taron ƙawaye da rana a cikin gida, da babbar mace a kusa, ba ya cikin wannan sahun, kuma hana yarinya zuwa irinsa gaba ɗaya ba ya ƙara mata tarbiyya, sai dai ya raba ta da ƙawayen da iyaye suka sani.

Iyaye maza, kada ku bar wa mata wannan magana su kaɗai. Kafin bukukuwan bana su kankama, ku kira 'yarku ku tambaye ta taro nawa ke gabanta, ku gaya mata abin da aljihu zai iya, ku tsayar da wanda zai raka ta da lokacin dawowa, wato kafin magariba.