Mayar da giyar sitiyari ƙasa: abin da ya kamata mai tsohuwar mota a Diffa ya sani

Duk wanda ya taɓa tuƙa Peugeot 404, ko 504 ta farko-farko, ya san giyar sitiyari. Sandar giya tana maƙale a wuyan sitiyari, direba na ja yana turawa hannunsa bai yi nisa ba. Idan mota ta kwana biyu, sandar kan fara lilo: a nemi giya ta biyu a faɗa ta huɗu, ribas ya ƙi shiga sai da lallashi. A nan ne mai mota kan ji shawara a gareji cewa a huda ƙasan motar a sauko da sandar tsakanin kujeru. Aikin yana yiwuwa, kuma idan ya yi kyau tuƙi yana daɗi. Sai dai ba kowace mota ke bukatarsa ba, kuma akwai abin da ake rasawa wanda ba a cika ambata ba ranar ciniki.

A jihar Diffa maganar ba ta ado ba ce. Tsakanin Diffa da Yamai akwai fiye da kilomita 1,300, kayan gyara kuwa sai an nemo su daga Damagaram, Maiduguri ko Kano. Da aka kafa dokar ta-ɓaci a watan Fabrairu na 2015 aka hana hawa babur, jigilar ƙauyuka ta koma kan motoci. A-kori-kurar da ke kwaso buhunan tattasai daga gonakin bakin kogin Komadugu, wajen Geskeru ko Shetimari, abincin gidaje da yawa ce. Kwananta uku a gareji asara ce ga mai ita da yaron mota da manomi.

Me ya kai giya wuyan sitiyari?

A ƙarshen shekarun 1930 ne kamfanonin Amurka suka ɗauke sandar giya daga ƙasa suka kai ta wuyan sitiyari, domin mutum uku su zauna a doguwar kujerar gaba babu abin da ya tokare musu ƙafa. Turai ta bi sahu. Peugeot 404 ta fito a 1960 da giyar sitiyari, haka ma 504 da ta biyo baya a 1968, kafin daga baya kamfanin ya yawaita masu giyar ƙasa. Tsofaffin a-kori-kura na Japan, irin su Hilux da Datsun, su ma da yawansu a sitiyari giyarsu take.

A Amurkar ne kuma aka fara yayin komawa ƙasa. Matasa masu tsere da motoci masu ƙaton inji sun ga giyar sitiyari na ɓata musu lokaci, sai kamfanin Hurst ya shahara da ƙera sandar ƙasa da ake ɗaurawa a madadinta, har Pontiac GTO ta 1964 ta fito da ita daga masana'anta. Su sauri suke nema. Direban da ke bin hanyar Maine-Sorowa ko Ngigmi da lodi ba sauri ne damuwarsa ba, so yake giya ta shiga sa'ad da ya neme ta, musamman a cikin rairayi, inda jinkirin daƙiƙa biyu kan sa mota ta kafe.

A ina matsalar take?

Giyabos, wanda makanikan Nijar ke kira bwat, yana bayan inji ne, ƙarƙashin tudun da ke tsakanin direba da fasinja. Daga wuyan sitiyari zuwa can tafiya ce mai kwana-kwana. Motsin hannun direba yana bin bututu ya gangara gindin sitiyari, daga nan sandunan ƙarfe biyu su ɗauka: ɗaya ta zaɓi layin giya, ɗaya ta tura ta ciki. A kowace gaɓa akwai bushin na roba ko ƙwallon ƙarfe. Zafi yana busar da robar, ƙura tana haɗuwa da giris tana cin ƙarfen. Kowace gaɓa ta ɗan saki kaɗan, idan aka tara sakin gaɓoɓi shida ko bakwai sai sanda ta zama ba ta jin magana. Giyar ƙasa ta fi ta ne da abu guda: hanyarta gajera ce, gaɓoɓinta kaɗan ne.

Saboda haka sauko da sanda ba ya ƙara wa inji ƙarfi, ba ya rage shan mai, kuma ba ya warkar da giyabos mai ciwo. Kafin a kawo maganar huda mota, a yi gwaji huɗu waɗanda ba sa cin ko dala.

Na farko, a kashe inji a gwada giyoyin. Idan suna shiga lafiya, amma da an tayar da inji sai su fara gurza, laifin kuloci ne ko mansa ya tsiyaye. Na biyu, idan giya ɗaya tak ke ƙara, galibi ta biyu, zoben tagullar da ke daidaita gudun haƙora ne ya cinye, wannan kuwa sai an buɗe giyabos. Na uku, idan giya na fita da kanta a kan gargada, a duba robar kujerar inji da ta giyabos, domin idan sun zauna sukan janye sandunan daga saitinsu. Na huɗu, mutum ɗaya ya riƙa motsa sanda, bakanike na ƙarƙashi yana kallo. Idan sanda na yawo amma hannun da ke jikin giyabos bai motsa ba, gaɓoɓin ne suka mutu.

Wannan na huɗun kaɗai ne giyar ƙasa ke magani. Shi ma sau da yawa sabon bushin da saiti sun wadatar, a kuɗin da bai kai na sauyi ba. Sauyi yana zama dole ne idan bututun wuyan sitiyari ya karye ko ya cinye kuma ba a samu wani ba, ko kuma an sa wa motar wani giyabos da bai dace da tsofaffin sandunan ba, misali mai giya biyar.

Abin da za a rasa

Kujerar tsakiya. Ga motar gida wannan ƙaramin abu ne. Ga motar haya kuwa, wurin fasinja guda ne a kowace tafiya, zuwa da dawowa, shekara da shekaru. Mai mota ya zauna ya yi lissafin wannan kuɗi kafin ya amince. Kada kuma a ce za a ci gaba da cusa mutum a tsakiya sanda na tsakanin gwiwoyinsa. Gwiwar fasinja na iya fitar da giya a kan gangara, kuma direban da ke laluben sanda a jikin mutum hankalinsa ya rabu biyu.

Akwai kuma darajar motar. A Faransa masu tara tsofaffin motoci suna neman 404 da 504 da ba a taɓa su ba, kamar yadda a Amurka motar da ke da kayanta na asali ta fi tsada. Ko da an yi sauyin, a adana tsohuwar sanda da sandunanta, kada a sayar wa masu awon ƙarfe.

Idan an yanke shawarar yi

A fara da sanin giyabos ɗin da ke jikin motar. Na 404 ta farkon shekarun 1960 daban yake da wanda ake kira BA7, wanda 404 ta baya-baya da 504 suka yi tarayya a kansa. Masu Peugeot suna da sa'a guda: kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 har cikin shekarun 2000, kuma tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar Nijar. Don haka matattun 504 masu giyar ƙasa da sitiyarin hagu suna nan da yawa, daga garejojin Damagaram har Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano.

A sayo kayan gaba ɗaya daga mota guda: sanda, mazauninta, gajerun sandunan, hannayen da ke jikin giyabos, rigar roba da zoben da ke danne ta. Haɗe-haɗen wannan daga nan, wancan daga can, a cike giɓi da walda, shi ne mafarin yawancin aikin da ke lalacewa. Araha ba ta ado.

Wurin huda, a auna daga ƙarƙashin mota, a fara da ƙaramin rami a tabbatar ya faɗa daidai, sannan a faɗaɗa. Kada a yanke ƙarfen da ya gitta yana riƙe da ƙasan motar. A kula da bututun birki, bututun mai da wayoyi. A cire kan batir, a fitar da shimfiɗa da duk jarkar fetur kafin a kunna walda. A shafa fenti a bakin yankan saboda tsatsa.

A ɗaure mazaunin sanda a inda masu ƙera motar suka ɗaure shi a motar da aka ciro kayan. Inji da giyabos suna motsi a kan roba, jikin mota kuwa ba ya bin su. Idan aka kafe mazaunin a wurin da bai dace ba, kowane rami a hanya zai riƙa fizgar giya. Saiti kuma ana yin sa ne giyabos na firi, sanda na tsaye a tsakiya, sannan a ɗaure sandunan ba tare da an tanƙwara ko an tilasta ba.

Rigar roba ba kwalliya ba ce. Ramin da aka huda yana kusa da salansa, kuma hayaƙin inji na ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana sa jiri da barci, har ta kashe. Ta nan ne kuma ƙurar hunturu da ruwan damina za su shigo. Tsumma ko guntun tayar ciki ba za su toshe shi ba.

A wuyan sitiyari, a cire tsohuwar sanda a toshe gurbinta, a tabbatar ba a taɓa sigina da makullin sitiyari ba. A gwada fitilar ribas, a kuma tabbatar ribas ba ya shiga sai da niyya. Motar da giyarta ke canza kanta tana da ƙarin sharaɗi: na'urar da ke hana inji tashi idan mota na cikin giya dole ta ci gaba da aiki. Ƙananan bas da injinsu ke ƙarƙashin kujera kuwa, giyabos ɗinsu na bayan direba, sauyin ba ya rage gaɓoɓi, gara a gyara na asali.

Gwajin ƙarshe a yi shi da lodi, a kwalta da rairayi, ba zagayen gareji kawai ba. Direban da hannunsa ya saba da sitiyari shekara ashirin ya ba kansa kwanaki a hanyar da ba cunkoso kafin ya ɗauki fasinja.

Tambaya uku mai mota zai yi wa bakanike kafin ya ba da kuɗi: wane gwaji ya nuna cewa laifin gaɓoɓi ne, daga wace mota za a ciro kayan, kuma da me za a rufe ramin? Bakaniken da ya san aikinsa zai amsa ukun nan take, ya ma kai ka ƙarƙashin motar ya nuna maka. Wanda ya fara da ɗauko abin yanka ƙarfe, a ɗauke mota a nemi wani.