Masu Rai da Marasa Rai a Fadamar Auyo

An shirya wannan 'yar takarda domin hakimai da magatakardansu na ƙasar Haɗeja, musamman na gundumar Auyo, don su san wani darasi da ake koya wa yara a ƙananan makarantun sakandare, waɗanda a da makamantansu ake kira Midil. Sau da yawa uba yakan ga ɗansa ya komo gida da laka a cikin gwangwani, ko kuwa ya ji malami ya kai yara bakin kogi, sai ya zaci wasa ne, ya kai kuka gun dagaci. To, ba wasa ba ne. Karatu ne wanda ya shafi abincin kowane gida.

ABIN DA DARASIN YA ƘUNSA

Malami yakan fara da nuna wa yara cewa duk abin da ido ke gani a fadama kashi biyu ne. Kashi na fari su ne masu rai, wato mutane, dabbobi, tsuntsaye, kifaye, ƙwari, itatuwa da ciyayi, har da waɗansu ƙananan halittu na cikin ƙasa da ruwa waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Kashi na biyu su ne marasa rai, wato ruwa, ƙasa, iska, hasken rana, zafi da sanyi.

Ana gane mai rai da alamomi: yana cin abinci, yana numfashi, yana girma, yana haifar irinsa, daga bisani ya mutu. A nan ne yara suka fi ruɗewa. Wani yaro zai ce wuta tana da rai, tun da tana ci tana yaɗuwa; wani ya ce kogi yana da rai, tun da yana tafiya. Wani kuma ya ce irin shinkafar da ke cikin rumbu ba shi da rai, alhali kuwa da ransa, jiran laima kawai yake yi. Malami yakan sa su jiƙa ƙwayoyi kaɗan a cikin tsumma, bayan 'yan kwanaki su ga tsiro da idonsu.

YADDA SUKE RIƘE DA JUNA

Rarrabewar nan somin taɓi ce. Gundarin darasin shi ne yaro ya gane cewa masu rai ba su da madogara sai marasa rai, kuma in ɗaya ya sake, sauran ma sai sun sake.

Kogin Haɗeja yakan cika wajen watan Agusta da Satumba, ya malala cikin fadama. Ruwan yana ɗauke da laka wadda ke sabunta ƙarfin ƙasa. Tarwaɗa da karfasa sukan bi shi cikin ciyawa, 'ya'yansu su sami abinci da maɓoya a ruwa marar zurfi. Zalɓe yana biye da kifi, masunci yana biye da su duka. In ruwa ya janye, manomi ya shuka a kan danshin da ya rage, Bafillatani ya kawo shanunsa su ci burugu, kashinsu ya zama taki. Gaiwa kuwa sai ta shige cikin laka ta kwanta, tana shaƙar iska, har wata damina. Da sanyin hunturu ya shigo, alkama ta sami yanayin da take so, tsuntsaye kuma su iso daga ƙasashen Turai su yi 'yan watanni a dausayin Haɗeja da Nguru kafin su koma. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa, ruwa da rana ne ke yanka masa.

MISALIN KACALA

Babu misalin da ya fi kacala saurin shiga kan yaro, domin ya san ta tun yana goye. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Madatsun sun kawo alheri mai yawa, don da ruwansu ake noman rani a Kadawa da kuma nan Auyo, inda aka tare kogin aka ja ruwa zuwa gonaki. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da yakan cika da damina, ya ƙafe ko ya kusa ƙafewa da rani. Bayan madatsun sai ambaliyar damina ta ragu a shekaru da dama, ruwa kuma ya riƙa gudana ko da rani.

Kacala ciyawa ce mai son ruwa kwantacce marar zurfi, wanda ba ya bushewa. Da can rani ne ke karya ta. Da ƙasa ta daina bushewa sai ta sami sarari, ta cika mashigai, ta tare laka, hanyar ruwa ta toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya kwanta a gonakin waɗansu, waɗansu kuma can ƙasa su rasa ko na ban-ruwa. Jirgin masunci ya kasa ratsawa. Jan-baki ya sami wurin kwana, da safe ya faɗa wa shinkafa da gero. Sauro ya yawaita, haka nan ƙananan katantanwa masu ɗauke da cutar tsargiya. Toshewar mashigai kuma tana cikin abubuwan da ke ƙara wa ambaliya muni, irin wadda ta auka wa ƙasar Auyo a 2020 da 2022.

Abin lura a nan shi ne ba wanda ya shuka kacala, ba wanda ya kiwata jan-baki. Abu guda marar rai aka taɓa, wato lokacin zuwan ruwa da janyewarsa, sai masu rai duk suka bi. Yaron da ya fahimci wannan, in ya girma ba zai tare mashigi don amfanin gonarsa kaɗai ba, ba zai zuba maganin ƙwari a kududdufi don kama kifi ba, ba kuwa zai sare gawon da ganyensa ke ciyar da gonar ubansa ba.

ABIN DA AKE ROƘON HAKIMAI

1. Su yi wa dagatai da masu unguwanni bayani, su kuma su sanar da iyaye, cewa fita da yara fadama sashe ne na karatu.

2. Su taimaki shugaban makaranta da wurin da ya dace, mai tudu, nesa da zurfi. Kada a fita sa'ad da kogi ya cika, kada kuma a bar yara su shiga kwantaccen ruwa saboda tsargiya.

3. Su sa sarkin ruwa da sarkin noma, ko wani dattijo wanda ya san fadama tun kafin Tiga, su raka malami. Littafi ba ya ɗauke da sunayen kifayen Auyo, amma dattijo ya san wanda ya yi ƙaranci da wanda ya ɓace.

4. Magatakarda su buɗe littafi su riƙa rubuta ranar da ruwa ya shigo fadama kowace shekara, da inda ya kai, da ranar da ya janye, da lokacin da jan-baki ya sauka. Su bar malamai su duba. Bayan 'yan shekaru littafin zai amfani makaranta, ya kuma zama hujja a hannun hakimi in zai kai kukan jama'arsa gun Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are.

5. Ran da gari ya fita gayyar yankan kacala, a bar manyan 'yan makaranta su tsaya a gaɓa su ga yadda ruwa ke komawa hanyarsa.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaran da ke aji yau su ne manoma da masunta da dagatan gobe, a hannunsu kuma fadamar za ta kasance. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye ƙasa daga ambaliya da fari, amin.