Rumbunan ilimi na intanet: kyauta ne ga jami'o'in Nijar, saura mabuɗi ya kai hannun ɗalibi

Kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, dubban ɗiyan ƙasar nan ke kama hanyar Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa domin shiga jami'a. Bayan shekara 3 ko 5, mai neman lisans da mai neman masta duk za su iske kansu gaban aiki guda, wato rubuta kundin ƙarshen karatu, wanda ɗalibai ke kira memwar. Shi kuwa wannan aiki ba ya yiwuwa sai mutum ya karanta abin da masana sunka riga shi rubutawa a kan batun da ya zaɓa. To a ina ɗiyan manomi da ya fito daga Dakoro ko Matamai zai samu waɗannan rubuce-rubuce? A yau za mu duba wannan tambaya tare da masu karatu, domin kuwa amsarta ta canza sosai cikin shekarun da sunka wuce, amma labarin bai kai kunnen da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa ba.

Daga jami'a guda zuwa takwas

Kamar yadda aka sani, karatu mai zurfi a Nijar ya soma ne a 1971 da wata cibiya a Yamai, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1973. A 1992 anka raɗa mata sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyya da ya yi fice a binciken hasken rana, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 1991. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar gwamnati a ƙasar. Sai a 2010 anka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, sannan a 2014 anka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tilaberi.

Gina azuzuwa da ɗaukar malamai abu ne da ake iya yi cikin shekara biyu ko uku. Ɗakin karatu na takarda kuwa, shi sai ya yi shekaru masu yawa kafin ya cika. Waɗanda sunka yi jami'a a shekarun 1980 da 1990 sun san yadda ake bin layi a kan littafi guda, da yadda ake fotokofin littafin malami har rubutun ya dushe, da kuma yadda ake roƙon wanda zai tafi Dakar ko Faransa ya zo da wata ƙasida. Sabuwar jami'a da ta ce sai ta tara littattafan takarda kafin ɗalibanta su yi bincike mai kyau, za ta daɗe tana jira.

Tsadar ilimi

Sabon ilimi a fannin likita, noma ko kimiyya yakan fara fitowa ne a mujallun masana kafin ya shiga littafi. Mujallu ne da ba a buga rubutun kowa a cikinsu sai wasu masana na fannin sun tantance shi. Mafi yawansu suna hannun manyan kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka, kuma ba su da araha. Wanda ya so karanta ƙasida guda tak a shafin irin waɗannan kamfanoni, sau da yawa za a nemi ya biya dalar Amurka 30 zuwa 40, wato wajen jika 20 na kuɗinmu. Memwar guda kuwa yana iya buƙatar ƙasidu talatin ko fiye. Kowa ya yi lissafin da kansa.

Ganin haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da manyan kamfanonin ɗab'i guda 6, a watan Janairun 2002 anka buɗe shirin HINARI da mujallu wajen 1,500 na fannin lafiya domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. A 2003 hukumar abinci da noma ta FAO ta biyo baya da AGORA domin harkar noma da kiwo. A 2006 anka buɗe OARE na muhalli, a 2009 ARDI na ƙere-ƙere da fasaha, a 2018 kuma GOALI na fannin shari'a. Waɗannan biyar ɗin an haɗe su ƙarƙashin suna guda, Research4Life, inda ake samun dubban mujallu da littattafai.

An kasa ƙasashen da ke amfana gida biyu. Cibiyoyin rukuni na biyu suna biyan dalar Amurka 1,500 a shekara. Na rukunin farko ba su biyan ko tamma, kuma Nijar tana cikin wannan rukuni. Jami'o'i, cibiyoyin bincike, asibitocin koyarwa da ma'aikatun gwamnati duk suna da damar shiga.

Yadda ake shiga

A nan ne ya kamata ɗalibi ya buɗe kunne. Ba mutum ɗaya ke yin rajista da sunansa ba, cibiya ce ke yi. Idan anka amince da ita, sai a aiko da suna da kalmar sirri ga shugaban ɗakin karatu, shi kuma ya ba malamai, ɗalibai da ma'aikatan cibiyar. Ke nan mabuɗin wannan babban rumbu yana hannun ma'aikacin bibliyotek, mutumin da ɗalibai da yawa ke ɗauka aikinsa kawai shi ne jera littattafai da hana surutu. Sharaɗin da ke kai shi ne kada a raba kalmar sirrin ga mutanen waje ko a baza ta a intanet, domin yin haka kan sa a rufe wa cibiyar ƙofa baki ɗaya.

Akwai kuma rumbunan da ba su buƙatar kowane mabuɗi. Ga masu karatun tarihi, harsuna da zamantakewa da Faransanci, akwai Persée da anka buɗe a 2005, mai ɗauke da tsofaffin mujallun Faransa, da OpenEdition, da HAL inda masu bincike ke ajiye aikinsu da kansu. Gallica, rumbun babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa wanda ya soma aiki a 1997, yana da littattafai, jaridu da taswirori na zamanin mulkin mallaka. Cibiyar IRD ta Faransa, wadda ada ake kira ORSTOM, ta zuba rahotanninta a rumbun Horizon, kuma a ciki akwai bincike mai yawa a kan ƙasa, ruwa da ruwan sama na Nijar. Ɗaliban likita suna da PubMed, wanda neman ƙasida a cikinsa kyauta ne tun 1997. Rumbun AJOL, da anka fara a 1998, ya tattara ɗaruruwan mujallun da ake bugawa a Afirka, ciki har da na jami'o'in maƙwabciyarmu Najeriya. Masu nazarin harshe kuma za su iske ƙamus ɗin Bargery na 1934 a intanet, haka ma ƙamusan Hausa, Zabarmanci, Barbarci da Tamajak zuwa Faransanci da shirin DiLAF ya saka.

Abin da anka bincika a gonakinmu

Wani zai ce wannan duk zancen ƴan boko ne, me ya shafi talaka? Bari mu ba da misalai daga gida.

Tun shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi sunka rungumi sassaben zamani, wato barin toho ya tashi daga kututturen itace a gona ana yi masa aski maimakon a tumɓuke shi. Daga baya masu bincike sunka kwatanta hotunan sama na da da na yanzu, sunka kiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da hekta wajen miliyon 5, da itatuwa kusan miliyon 200, gawo na kan gaba. Yau ana koyar da wannan darasi a jami'o'in duniya, ana ambaton sunan Nijar.

A 2005, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar likitoci ta MSF ta kula da yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, da abincin nan na gyaɗa da uwa ke ba ɗanta a gida. Abin da anka koya a can ya shiga manyan mujallun likita, ya kuma taimaka wajen canza yadda ake maganin tamowa a ƙasashe da dama. Haka nan buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke hana ƙwari cin wake ba tare da an sa magani ba, masu binciken cibiyar INRAN a Maraɗi suna cikin waɗanda sunka gwada shi tare da jami'ar Purdue ta Amurka.

Gonakin namu ne, yaran namu ne, waken namu ne. To amma sakamakon binciken, mafi yawansa a mujallun waje yake, kuma da Ingilishi. Ɗalibin aikin gona da bai iya shiga waɗannan rumbuna ba, zai iya gama karatunsa bai taɓa ganin abin da anka rubuta a kan ƙauyen kakansa ba. Gobe kuwa shi ne malamin gona da zai ba manomi shawara, abokinsa na ajin likita shi ne zai duba ɗiyanmu a asibiti.

Su ma malaman jami'a abin ya shafe su kai tsaye. Hukumar CAMES, wadda anka kafa a nan Yamai a 1968, mai mazauni a Wagadugu, ita ke tantance ƙarin girman malamai a ƙasashen da ke cikinta, kuma tana duba abin da malami ya buga a mujallun masana. Wanda bai karanta aikin wasu ba, da wuya a karɓi nasa.

Inda gizo ke saƙa

Abu na farko shi ne wutar lantarki da intanet. Nijar ta daɗe tana sayo mafi yawan wutarta daga Najeriya, kuma kowa ya tuna halin da anka shiga daga watan Agustan 2023, lokacin da anka katse layin, har zuwa farkon 2024. Kwamfuta ba ta aiki da alkawari. Abin lura a nan shi ne, jami'armu ta farko tana ɗauke da sunan mutumin da ya shugabanci ofishin ONERSOL, ya ƙare rayuwarsa yana nuna cewa ranar da ke ƙona mu arziki ce. Sanya faifan sola a rufin kowane ɗakin karatu na jami'a zai fi kowane biki girmama sunansa.

Na biyu shi ne harshe. Ɗalibinmu da Faransanci ya yi karatu tun daga firamare, alhali mafi yawan mujallun kimiyya da Ingilishi suke. Na'urorin fassara suna taimakawa, amma ba a dogara da su a wajen adadin magani ko sunan ƙwayar cuta. Dole a ɗauki darasin Ingilishi a jami'a da muhimmancin da ya kamata.

Na uku shi ne sanin yadda ake nema. Riƙe salula da iya WhatsApp daban, iya bincike daban. Ɗalibi yana buƙatar a koya masa zaɓen kalmomin nema, da bambanta mujallar kirki da ta ƴan damfara waɗanda ke karɓar kuɗi su buga kowane irin rubutu ba tare da tantancewa ba. Yana buƙatar ya san cewa manhajojin nan masu amsa tambaya suna iya ƙirƙiro sunan littafin da babu shi a duniya. Yana kuma buƙatar ya san cewa kwafo rubutun wani ya manna a memwar ba tare da ambaton mai shi ba sata ce, kuma yanzu akwai manhajojin da ke gano ta.

Mu ma mu zuba namu

Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma mai ɗiba kullum a rumbun maƙwabci ya kamata wata rana a ga damminsa. Kowace shekara ɗalibanmu na rubuta kundaye a kan albasar Galmi, kiwon jar akuyar Maraɗi, tarihin Damagaram da sauransu. Kundin da ya tsaya a kwafi uku cikin kabad, ƙura da gara ne za su gaje shi, kuma bayan shekara biyar wani ɗalibi zai sake yin aikin daga farko. CAMES ta buɗe rumbu mai suna DICAMES domin ajiye irin waɗannan ayyuka, cibiyar LASDEL kuma da anka kafa a Yamai a 2001 ta nuna hanya, tunda tana saka rahotanninta a intanet kowa ya karanta kyauta. Ga kuma cibiyar IRSH ta jami'ar Abdu Mumuni, mai ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami waɗanda marigayi Bubu Hama ya soma tarawa. Wannan dukiya ce da masanan duniya ke zuwa nema wurinmu.

Saboda haka muna kira ga ma'aikatar ilimi mai zurfi da shugabannin jami'o'i da su tabbatar kowace jami'a da kowane asibitin koyarwa ya yi rajista, a wadata ɗakunan karatu da wuta da intanet mai ƙarfi, a horar da ma'aikatansu, a kuma ware ƴan kwanaki a farkon shekara domin koya wa sabbin ɗalibai hanyar bincike. Mu ma ƴan jarida da ma'aikatan rediyo muna da namu rabon, wato mu riƙa ɗauko abin da masana sunka gano mu mayar da shi cikin harshen da manomi da makiyayi ke ji.

Kai kuma ɗalibi, kada ka jira sai watan da za ka miƙa memwar. Gobe da safe ka shiga ɗakin karatun jami'arku, ka gaida ma'aikacin da ke wurin, ka tambaye shi ko cibiyarku tana cikin Research4Life da kuma yadda za ka shiga. Idan an yi rajista, ka karɓi mabuɗinka. Idan ba a yi ba, ku haɗu ku nema a yi, tunda ba a biyan ko dala. Allah ya ba ɗiyanmu ilimi mai amfani, amin.