Koyar da Matasa Insha'in Nazari a kan Tagwaitaka: Misali daga Zangon Kwatano

1.0 Gabatarwa

Unguwar Zango da ke birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin mazauni ce ta Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa. Yaron da ya tashi a nan da Hausa yake magana a gida, da Larabci yake karatun allo, da Faransanci kuma yake rubuta jarrabawar BEPC da ta BAC. Yana jin Hausa sarai, amma ba kasafai yake rubuta tunaninsa da ita ba. Wannan maƙala za ta nuna yadda malami zai koya wa irin waɗannan matasa tsarawa da rubuta insha'in nazarin adabi a kan tagwaitaka.

2.0 Ma'anar Tagwaitaka

Tagwaitaka ita ce jera abubuwa biyu masu kishiyantar juna a cikin aikin adabi, ta yadda ba a gane ɗaya sai an dubi ɗayan. Suna iya zama mutane biyu, kamar Gizo da Ƙoƙi, ko wurare biyu, kamar gida da daji, ko halaye biyu a zuciyar mutum guda. An samo kalmar daga tagwaye, kuma wannan asali yana da amfani a aji: Hassan da Husaini mutane biyu ne, amma ciki ɗaya suka fito. Saboda haka mai nazari ba bambanci kaɗai yake nema ba, har da abin da ya haɗa ɓangarorin.

3.0 Matsalar Ɗalibi

Idan aka ba matashi irin wannan tambaya, abin da ya saba yi shi ne ya raba takarda gida biyu, ya jera halayen kirki a dama, munana a hagu, ya rufe da cewa gaskiya ta fi ƙarya. Wannan jeri ne, bai kai nazari ba. Wani kuma sai ya kwashe labarin tun daga farko har ƙarshe ya sake bayarwa. Duka biyun ba su amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato me ya sa marubuci ya haɗa waɗannan biyu, kuma me haɗuwar ta haifar?

Ɗalibin Zango yana da wata riba a nan. A darasin Faransanci ana koya masa tsarin muhawara mai hawa uku: ra'ayi, da kishiyarsa, da kuma matsayar da ta haɗa su. Malamin Hausa zai iya ɗora gini a kan wannan tubali, muddin ya nuna cewa hawa na uku shi ne zuciyar insha'in.

4.0 Matakan Koyarwa

4.1 Farawa da tatsuniya

Ya kyautu a fara da abin da ɗalibi ya ji tun yana ƙarami, kamar tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa. An aiki 'yar bora wanki a Ruwan Bagaja, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar a hanya, ta komo da dukiya. 'Yar mowa ta bi hanyar nan ɗaya, ta yi rashin kunya, ta komo da tsiya. Sai malami ya tambaya: me ya sa hanyar ta zama ɗaya? Amsar ita ce, da hanyoyin sun bambanta, da sai a ce sa'a ce ta raba su. Da yake hanya ɗaya ce, hali kaɗai ya rage. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya fara nazari.

4.2 Shiga littafi

Daga nan sai a koma ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934 bayan gasar rubutun ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Tauraron littafin, Alhaji Imam, ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki. A yawonsa ya yi ta karo da Malam Zurƙe, kowa yana jefa ɗan'uwansa cikin wahala, ɗayan kuma yana ramawa. A nan jerin dama da hagu ba zai yi aiki ba, domin dukansu masu wayo ne, dukansu kuma suna yaudara. Abin da ya raba su guda biyu ne: Alhaji yana da manufa da yake bi, kuma shi ne mai ba da labarin, ta bakinsa kaɗai aka san Zurƙe.

4.3 Tsara insha'i

Kafin rubutu, kowane ɗalibi ya cika takardar tsari mai tambayoyi huɗu:

(a) Waɗanne abubuwa biyu ne aka jera?
(b) A ina suka bambanta?
(c) A ina suka yi tarayya?
(d) Me marubuci ya cim ma da jera su?

Amsar tambaya ta huɗu ita ce matsayar ɗalibi, kuma dole ta zama jumla ɗaya wadda wani zai iya musantawa. Jumlar da ta ce Alhaji da Zurƙe abokan gaba ne ba matsaya ba ce, domin kowa ya yarda. Wadda ta ce Zurƙe madubin Alhaji ne, kuma mai karatu yana goyon bayan Alhaji ne don shi ke riƙe da labarin, ita ce matsaya, domin tana bukatar hujja.

4.4 Rubutawa

Gabatarwa ta ambaci littafi da marubuci da matsaya. Gundarin insha'i ya ƙunshi sakin layi uku: bambanci, tarayya, da ma'anar haɗuwarsu. Kowane sakin layi ya buɗe da da'awa, ya kawo hujja daga littafi tare da lambar shafi, sannan ya bayyana yadda hujjar ta tabbatar da da'awar. Kada a keɓe wa kowane tauraro nasa sakin layi, domin hakan komawa ne ga jerin dama da hagu. Kammalawa ta koma kan matsaya, ba ta rikiɗe ta zama wa'azi ba.

5.0 Gyara

Malami ya fara duba tunani, sannan ƙa'idojin rubutu. Wanda ya saba da Faransanci yakan rubuta ou a madadin u, da ch a madadin sh, yakan kuma bar ɓ da ɗ da ƙ ba lanƙwasa. Waɗannan ana gyara su a hankali. Idan jan biro ya rufe shafin farko da yaro ya taɓa rubutawa da Hausa, da wuya ya kawo na biyu.

6.0 Kammalawa

An ga cewa insha'i a kan tagwaitaka yana tsayawa ne a kan alaƙar ɓangarori biyu, ba a kan jera su ba. Matashin da ke fita daga makarantar allo ya shiga ajin Faransanci ya san zama tsakanin abubuwa biyu tun kafin ya buɗe littafi. Aikin malami shi ne ya koya masa mayar da wannan sani matsaya mai hujja a kan takarda.