Siyasar Unguwa a Birnin San Faransisko

Masu nazarin mulkin birane sukan kafa hujja da San Faransisko ta ƙasar Amurka. Kafin 1977, jama'ar birnin baki ɗaya ne ke zaɓen kowane ɗan majalisar gari, saboda haka da wuya 'yan tsiraru su sami kujera. Harvey Milk, mai kantin kayan ɗaukar hoto a unguwar Castro, wanda bai ɓoye cewa shi ɗan luwaɗi ne ba, ya nemi kujerar a 1973 da 1975, ya sha kaye. Da aka kasa birnin mazaɓu 11, sai ya yi nasara a 1977.

Abin lura shi ne, bai tsaya ga haƙƙin mutanensa kaɗai ba. Lalle a 1978 ya jagoranci kafa dokar hana nuna musu bambanci wajen aiki da gidajen zama. Amma kuma ya dage kan tsadar hayar gida, da motocin safa, har da dokar tilasta wa masu karnuka kwashe kashinsu daga titi. Da irin wannan ya jawo 'yan ƙwadago da dattawa.

Ran 27 ga Nuwamba 1978, wani tsohon ɗan majalisar, Dan White, ya harbe shi har lahira tare da magajin gari George Moscone. A 1980 aka soke tsarin mazaɓun, bai dawo ba sai a 2000.