Rajistar Kasuwanci Ta Intanet: Sauƙi Ya Samu, Amma Da Sauran Aiki Ga 'Yan Kasuwar Kan Iyaka

Sanin kowa ne cewa da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na Malanbil da Gaya da Kamba, har zuwa Birnin Ƙonni da Illela da Jibiya, sun shekara goma ko ashirin suna juya miliyoyin kuɗi ba tare da takarda ko ɗaya da ke nuna hukuma ta san da sana'arsu ba. Idan aka tambaye su dalili, amsar kusan guda ce: yawon ofis-ofis, da "je ka dawo gobe", da 'yan kamasho masu tsayawa a bakin ƙofa, ga kuma tsoron haraji. A 'yan shekarun nan gwamnatocin yankin sun shiga mayar da wannan aiki kan intanet, har ta kai a wasu wurare mutum na iya yin rajista daga rumfarsa da wayar salula.

A nan Jamhuriyar Benin ce ta yi fice. A shekarar 2020 hukumar APIEX mai kula da zuba jari da fitar da kaya ta buɗe dandalin monentreprise.bj tare da tallafin hukumar ciniki da raya ƙasa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNCTAD. Mai son yin rajista zai cika bayanansa, ya ɗauki hoton katin shaidarsa da sauran takardun da ake bukata ya tura, sannan ya biya kuɗin ta asusun waya ko ta katin banki. Idan komai ya cika, takardun za su zo masa ta intanet ɗin, ciki har da lambar rajistar ciniki da ake kira RCCM da lambar haraji ta IFU. A waccan shekara hukumar UNCTAD ta sanya Benin a sahun gaba na ƙasashen duniya wajen saurin buɗe kamfani, domin aikin na iya kammaluwa cikin 'yan sa'o'i. Wanda ya san cewa tsakanin Malanbil da Kwatano akwai fiye da kilomita 700, shi zai fi gane darajar wannan sauƙi, don kuɗin mota da na masauki kaɗai sun isa su hana ƙaramin ɗan kasuwa motsawa.

A Nijeriya hukumar CAC ce ke wannan aiki, ita ma ta mayar da shi kan intanet. Dokar kamfanoni da aka sa wa hannu a watan Agusta na 2020 ta ba mutum ɗaya damar buɗe ƙaramin kamfani shi kaɗai, alhali a da sai an samu aƙalla mutum biyu. Tun daga wannan shekara kuma lambar haraji ta TIN ke fitowa tare da takardar rajistar kamfani, ba sai an sake bin wani layi ba. Akwai rajistar sunan kasuwanci kawai, wadda ta fi araha kuma ta fi dacewa da mai shago, akwai kuma ta cikakken kamfani. A 2024 hukumar ta umarci masu sana'ar POS da su yi rajista, abin da ya nuna cewa lamarin ya fara tashi daga ganin dama zuwa tilas.

A Nijar kuwa, Maison de l'Entreprise da ke ƙarƙashin majalisar 'yan kasuwa ta ƙasa ce ta tattara ayyukan wuri guda, yadda mai bukata zai miƙa takardunsa a taga ɗaya ya samu RCCM da lambar haraji ta NIF, a maimakon ya yi ta zarya tsakanin kotu da ofishin lanho.

Abin da ya kamata ɗan kasuwar kan iyaka ya riƙe shi ne, waɗannan takardu ba su tsallake iyaka da kansu. Nijar da Benin da Kamaru da Chadi da Togo suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993, don haka dokar cinikinsu iri ɗaya ce, sunayen takardun ma kusan ɗaya. Duk da haka, kowace ƙasa da rajistarta da lambar harajinta. Nijeriya da Gana kuma ba sa cikin ƙungiyar sam. Wanda ke da shago a Gaya da wani a Kamba, rajistar ɗaya ba ta rufe ɗaya. Haka kuma takardar rajista ba ta maye gurbin takardun dwan ko kwastan, kuma ba ta buɗe iyaka idan an rufe, kamar yadda aka gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na watan Yulin 2023.

Akwai kuma wata dama da ƙananan 'yan kasuwa da yawa ba su da labarinta. A gyaran dokar ciniki da OHADA ta yi a birnin Lome a watan Disamba na 2010, an ƙirƙiro matsayin da ake kira entreprenant, domin mai tebur da mai rumfa da mai sana'ar hannu. Shi ba a neman ya yi cikakkiyar rajista irin ta babban ɗan kasuwa, sanarwa kawai zai yi a ba shi lamba, sai ya riƙa rubuta shigi da fici a littafi.

To amma sauƙin rajista kaɗai bai isa ya jawo mutane ba, kuma an gwada an gani. Tun daga 2014 masana na Bankin Duniya suka bi diddigin ƙananan 'yan kasuwa kusan 3,600 a Kwatano, aka yi wa wasunsu bayanin wannan matsayi har wurin sana'arsu, aka ƙara wa wasu da horo da taimakon buɗe asusun banki da shiga tsakani kan haraji. Duk da cewa kyauta ake yi, waɗanda suka amsa ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba ko a rukunin da aka fi taimaka wa, kuma ba a ga wata ƙaruwar riba a fili ga waɗanda suka yi ba. Waɗanda suka fi karɓa su ne masu ɗan jari da ilimi, waɗanda dama sana'arsu ta fara girma. Wannan ya nuna ɗan kasuwa ba wawa ba ne, lissafi yake yi: me takardar za ta kawo, me kuma za ta ci?

Ga inda amfaninta yake a fili. Banki ba ya buɗe asusun kamfani sai da ita, samun rance mai kauri ba tare da ita ba abu ne mai wuya, kwangilar gwamnati ko ta ƙungiyoyin agaji ba ta samuwa, kuma mai son shigo da kaya ta tashar ruwa da sunansa dole ya kasance yana da lambar haraji. Mai sayen albasa a Galmi ko masara a Malanbil da ke son sayar wa babban kamfani, rasit mai lamba za a nema daga gare shi. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya yi rajista ya shiga littafin hukuma ke nan, akwai sanarwar haraji a kansa, kuma a Nijeriya akwai rahoton shekara-shekara da ake miƙa wa CAC, wanda jinkirinsa ke jawo tara.

Wata matsalar ita ce harshe da karatu. Dandalin na Faransanci ne ko na Turanci, alhali da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwarmu ajami suka iya. Saboda haka ɗan kamashon da aka kora ta ƙofa ya dawo ta taga, yanzu yana zaune ne a shagon kwamfuta. Ba laifi ba ne a nemi mai taimako, amma a kula da abu uku. Na farko, a tabbata lambar waya da adireshin imel ɗin da aka shigar na mai sana'ar ne ko na ɗansa, domin wanda ke riƙe da su shi ke riƙe da makullin kamfanin. Na biyu, a nemi ganin rasit ɗin hukuma don a bambance kuɗin gwamnati da ladan aiki. Na uku, a binciki lambar a dandalin hukumar kafin a biya cikon kuɗi, don takardar jabu ba ta da wuyar bugawa.

A nan ne ƙungiyoyin 'yan kasuwa da sarakunan kasuwa ke da rawar takawa. Idan kowace ƙungiya ta ware yaro ɗaya ko biyu masu karatun boko da amana, ta tanadar musu kwamfuta a ofishinta, mambobi za su huta da 'yan damfara. Su kuma magabata, ya kamata su fassara bayanan rajista da na haraji cikin Hausa da Zabarmanci da Dendi, a riƙa karantawa a gidajen rediyo, domin mutum ya san abin da zai biya tun kafin ya sa hannu. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.