Baƙin Man Mota Ba Na Injin Jirgin Ruwa Ba Ne

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi a makonnin da suka biyo baya, wata magana ta samu gindin zama a tashoshin jiragen ruwa: wai baƙin mai duk ɗaya ne, sunan kamfani kawai ake saya da tsada. Mai kwale-kwale ya ga kuɗin galan ɗin man injinsa ya yi tashin gwauron zabi, sai ya koma wajen mai sayarwa a kwalba a bakin hanya. Wani na mota yake zubawa, wani na babur, wasu ma juyen da aka tsiyaye daga manyan motoci suke tacewa da tsumma. In ka yi magana, a ce maka, "Ai ga shi nan yana tashi."

Yana tashi kam. Sai dai tashin inji a bakin gaɓa ba shi ke nuna zai kai mutane tsallake ba.

Yawancin injinan da ke bayan kwale-kwale a Kogin Kwara da Binuwai da Tafkin Chadi, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 40, masu bugu biyu ne, wato waɗanda ake gauraya wa baƙin mai da fetur. Ba su da wurin ajiye mai a cikinsu. Man yakan bi fetur ya shiga, ya shafi ƙarafan da ke juyawa, sannan ya ƙone tare da fetur ɗin. Ke nan aikinsa biyu ne: ya yi santsi, ya kuma ƙone tas. Man mota ba don ƙonewa aka yi shi ba. An yi shi ya zauna a cikin inji yana kewayawa tsawon dubban kilomita, don haka aka zuba masa sinadarai masu ƙarfe a ciki, irin su kalsiyam da zinki, su tsaftace inji su rage cin ƙarfe. Waɗannan ba sa cin wuta. Toka suke bari, tokar ta taru a kan fistin, ta liƙe ringi, ta toshe bakin fulogi. Idan ta yi kauri takan yi ja kamar garwashi, ta kunna fetur kafin lokacinsa, har ta huda kan fistin. Duk bakaniken da ya taɓa buɗe irin wannan inji ya ga ringin da ya manne a raminsa, sai an sa tsinin wuƙa an ɓamɓaro shi.

Mai wayo zai ce to ai man ƙaramin janareto da na tsohon babur ma don gaurayawa aka yi su. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma nan ne ya fi ba ni takaici, domin mutum ya yi ƙoƙari ya guji man mota amma bai tsira ba. Iska ce ke sanyaya janareto da babur, saboda haka cikinsu yakan yi zafi ƙwarai, kuma man da aka haɗa musu yana ɗauke da 'yar toka kaɗan da irin wannan zafi ke iya jurewa. Injin kwale-kwale kuwa ruwan kogi yake zuƙa yana sanyaya kansa ba tsayawa, yana tafiya a gudu ɗaya na sa'o'i. Duk wadda ta saba girki ta san wutar da ke ci da ƙarfi ba ta cika ɓata gindin tukunya ba. Wutar da ke ci a sanyaye ita ke tara kunkunniya. Shi ya sa aka ware wa wannan inji man da ba ya barin toka ko kaɗan. Alamarsa a jikin galan ita ce TC-W3, kuma ƙungiyar masu ƙera kayan jiragen ruwa ta Amurka, NMMA, ita ke ba da ita bayan gwaji. Launin shuɗi ko kore da ake gani rini ne kawai, don a gane an riga an gauraya, kuma mai jabu ma yana iya rinawa. Murza mai a tsakanin yatsu a ji kaurinsa ba ya gaya wa kowa abin da ke cikinsa.

Awo ma haka. Yawancin waɗannan injinan kashi ɗaya na mai cikin kashi 50 na fetur suke so: rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji ne ake ninka masa na ɗan lokaci, har ƙarafansa su zauna. Amma sai ka ga matuƙi yana tuttulawa da ido, wai gara ya yi yawa. Yawan bai ƙara wa inji kwana ba. Hayaƙi yake ƙarawa, fulogi ya jiƙe, sauran kuma ya fita ta ruwa ya kwanta a inda masunta ke jefa koma.

Masu babur ɗin ruwa, da ake hawa don nishaɗi a Tafkin Jabi na Abuja da ruwan Legas, nasu ya fi sarƙaƙiya, don yawanci na hannu suke sayowa, babu littafin kamfani. Tsofaffin Yamaha WaveRunner masu bugu biyu TC-W3 suke sha. Amma tsofaffin Sea-Doo, masu injin Rotax, kamfaninsu ya hana a zuba musu shi ƙiri-ƙiri. Mai alamar API TC suke so, saboda injinsu ya fi zafi da gudu. Wanda ya ji an ce "man ruwa" ya kwaso ba tare da duba wane inji ke gabansa ba, shi ma ya yi ɓarna. Sababbin kuwa masu bugu huɗu ne, ana yi musu juye kamar mota, amma injinsu yakan yi juyi 7,000 zuwa 8,000 a minti, alhali mota a kan titi ba ta cika wuce 3,000 ba. Ga danshi kullum, a Legas ga gishiri. Man da ya dace da injin ruwa mai bugu huɗu yana ɗauke da alamar FC-W, an ƙara masa maganin tsatsa, kuma kaurin da littafin injin ya faɗa, kamar 10W-40 a Yamaha da yawa, shi ake bi. Idan babur ɗin ya kife, akwai hoto a bayansa da ke nuna ɓangaren da za a juyo shi; juyawa ta ɗaya ɓangaren na iya tura ruwa cikin inji. In aka zaro sandar awon mai aka ga ya koma fari-fari, ruwa ya shiga, sai a yi juye nan take, wani lokaci fiye da sau ɗaya.

Shi mai nishaɗi in injinsa ya buga, kuɗi ya yi asara. Wanda ya ɗauko 'yan kasuwa da buhunan hatsi a Tafkin Kainji da damina, iska ta taso, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, idan inji ya mutu masa a tsakiya, jirgin yakan juya ya ba igiyar ruwa gefensa, filafili ɗaya kuma ba ya mayar da shi. Bayan kowane hatsari, irin na Warra a 2021 da na Patigi a 2023, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, takan yi maganar lodi fiye da kima da tafiyar dare da rigar kariya, kuma duk gaskiya ne. Lafiyar inji ce ba a cika jin an ambata ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, takan kama gurɓataccen mai a manyan kasuwannin birane, amma kwalaben da ake jerawa a kan tebur a bakin kogi, babu hatimi babu suna, su ne ke shiga tankin da ya ɗauko rayuka. Ƙungiyoyin matuƙa suna karɓar kuɗin tasha kullum. Za su iya sayo man a rufe daga dila, su sayar wa 'ya'yansu da gwangwanin awo mai zane, jami'an da ke ƙirga fasinja kuma su riƙa tambayar abin da aka zuba kafin a kwance igiya.